Binciken tsoron mutuwa ya faɗi jarrabawa, masu shi sun ƙi karɓar sakamako

Har yau ina cin karo da labarin alƙalan Tucson a sharhin siyasa, ana kawo shi kamar hujjar da ba ta da ja. A 1989 aka ba alƙalai 22 na kotun birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka takardar shari'ar wata da ake tuhuma da karuwanci, aka ce su yanke kuɗin beli. Waɗanda aka fara sa su rubuta abin da suke ji game da mutuwarsu sun yanke dala 455 a matsakaici, sauran kuwa dala 50. A kan irin wannan ne masana halayyar ɗan Adam Jeff Greenberg da Sheldon Solomon da Tom Pyszczynski suka ɗora gini, wai tuna mutuwa na sa mutum ya ƙanƙame al'adarsa da ƙasarsa, ya tsananta wa duk wanda ya saɓa musu. Alƙalai 22 kacal, jama'a! Ko ɗaurin aure a ƙauye ya fi haka taro.

To, an gwada. Aikin Many Labs 4, haɗin gwiwar cibiyoyin bincike don maimaita gwaji, wanda aka wallafa a 2022, ya ɗauko gwajinsu na 1994, inda ɗalibai ke rubutu kan mutuwa ko kan kallon talabijin, sannan su auna marubucin da ya yabi Amurka da wanda ya kushe ta. Cibiyoyin bincike 17, mutum 1,550. Wasu cibiyoyin ma da shawarar masu ra'ayin suka yi aikin, don kada a ce ba a iya ba. Bambancin da ake ta yayatawa bai fito ba, da shawararsu ko babu.

Masu kare ra'ayin sun ce ai in aka cire wasu cibiyoyin, tasirin zai leƙo. Wannan tsohuwar dabara ce ta ɗan kasuwar da ke canza mudu in awo bai yi masa daɗi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sharuɗɗan da aka gindaya. Cikin matakan tace mahalarta har da cire duk wanda ba farar fata ba, da wanda ba haifaffen Amurka ba. Ra'ayin da aka ce ya bayyana halin ɗan Adam gaba ɗaya, tun daga littafin da masani Ernest Becker ya rubuta kan tsoron mutuwa a 1973, yau sai an tankaɗe mutane kafin ya yi aiki? Ɗalibin jami'a da bai taɓa ganin gawa ba daban, mutumin Kano ko Damagaram da ke bin jana'iza a ranar da aka rasu, yana jin wa'azin mutuwa kowace Juma'a, daban. Wa ya ce tambaya biyu a takarda za su girgiza su iri ɗaya?

Ana kuma tutiya da ɗaruruwan gwaje-gwaje da suka goyi bayan ra'ayin. Mujallu ai wanda ya yi nasara suke bugawa, wanda ya ci tura yana can cikin durowa. A 2015 da aka maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kusan kashi 36 ne kawai suka sake fitowa.

A rubuta tsarin gwaji a fili kafin a fara, a yi shi da mutane masu yawa, a fita daga harabar jami'o'in Amurka. Kafin nan, masu sharhi su daina jawo alƙalan Tucson duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.