Cukun Madam da kiran Inna

Tsohuwar da nake haya a gidanta a Tuluz, kudancin Faransa, addinin Buda take bi, irin na mutanen Tibet. A kusurwar falonta akwai mutum-mutumin Buda na tagulla, gabansa ƙananan kwanoni bakwai da take cikawa da ruwa kowace safiya ta zubar da yamma, ga turaren tsinke, ga wani dogon carbi mai ƙwaya 108. Ni da wurin nan sai kallo daga nesa. Kowa da addininsa, muna zaman lafiya.

Ranar da za ta yi tafiya ta bar mini kyauta a faranti, rufe da murfin gilashi. Na ɗaga murfin, na mayar da sauri. Cuku ne fari, mai danshi, shuɗiyar fumfuna ta ratsa shi ta ko'ina. Rokfor ke nan. Da nonon tumaki ake yin sa, kuma da gangan ake zuba masa fumfunar, a huhhuda shi don iska ta shiga ta yaɗu, sannan a kai shi kogunan dutse na ƙauyen Rokfor ya nuna. Tun 1925 doka ke kare sunansa. A gidanmu abincin da ya yi wannan kama ko kaji ba a ba.

Kyauta ce, ba a zubarwa, na bar shi kan tebur. Lokacin zafi ne kuwa. Kafin a jima falo ya gagari shiga. Na buɗe tagogi, a banza. Sai idona ya faɗa kan turaren Madam. Na kunna tsinkaye har hayaƙi ya turnuƙe, garin haka gwiwar hannuna ta ture carbin, na sunkuya na ɗauka. Daidai nan Inna ta kira ta bidiyo daga Maraɗi, ni kuma na amsa ban duba bayana ba.

Ta yi shiru tana ƙare wa hoton kallo.

"Ɗan nan, mene ne wancan a bayanka?"

"Inna, na mai gidan ne."

"Hayaƙin fa? Wa ya kunna?"

"Ni ne, amma saboda cuku..."

"Innalillahi! Har cuku kake ba shi?"

Na ɗaga hannu zan yi rantsuwa, ashe hannun da ke riƙe da carbin ne. Ta ce in matso da shi ta gani. Namu 99 ne, ita kuwa Inna ko daga nesa ta san wannan ya yi tsawo. Kafin magariba kawu ya kira ya sa na karanta masa Fatiha da Ƙulhuwallahu, yaya kuma ta turo saƙo tana tambaya ko a sa malamai su yi sauka.

Da Madam ta dawo ta ga turarenta ya ragu, sai murna, wai na kula mata da wurin. Ta yanki cukun nan ta shafa a burodi tana lumshe ido, ta ce yanzu ya yi daidai. Can sai ta yamutsa fuska, ta rage murya, ta ce tana jin ɓera ya mutu a cikin kabad ɗin kicin, in taimaka in duba mata.

Na duba. Daddawar da Inna ta ƙullo mini ce.