Ɓarawon a cikin gida yake kwana

Ƴan'uwa na Yamai, ku kasa kunne ga addu'o'inmu na kwanan tsaye a majami'a. Awa biyu ana tsawata wa mayu da maƙiya, amma da wuya wani ya kira sunan abin da ke cin shi. Yakubu 1:14-15 kuwa bai ɗora wa maƙwabci laifi ba. Sha'awar mutum ce ke jan shi, ta yi ciki, ta haifi zunubi.

Babban kuskurenmu makara ne. A Getsamani Yesu ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yahaya su zauna a faɗake su yi addu'a kada su faɗa ga gwaji. Barci ya kwashe su. Da baranya ta tsare Bitrus da tambaya a bakin wuta, lokacin addu'a ya riga ya wuce, ya yi musu sau uku kafin carar zakara.

Kowace jaraba tana da sa'arta, mai ita ya sani. Ma'aikaci, ranar da albashi ya faɗo, hanyar gida kuma ta bi ta gaban rumfar caca. Mai awon hatsi a kasuwar Katako, lokacin da mai saye ya juya kai, tiya ba ta cika ba. Saurayi, bayan sha ɗayan dare, waya a hannu. To, kafin wannan sa'ar za a durƙusa, ko minti biyar ne, a faɗi abin da sunansa: "Ya Uba, jikka hamsin ta adashe tana hannuna, ba tawa ba ce." "Ka tsare ni daga dukan mugunta" ba ta ƙona harshen kowa, shi ya sa muke son ta.

Daga nan sai ƙafa. 1 Korantiyawa 10:13 ta yi alkawarin mafita, ita kuwa mafita bin ta ake yi. Yusufu bai tsaya wa'azi ba, rigarsa ya bari a hannun matar Fotifar. Sake hanya, bar waya a wani ɗaki, gaya wa dattijo guda mai riƙon asiri.

Alwashin "har abada ba zan ƙara ba" ma tarko ne: mutum ya faɗi ranar Talata, kunya ta hana shi addu'a wata guda. Abincin yau aka koya mana roƙo, ba na shekara ba.

Masu sa Zabura 91 ƙarƙashin matashin kai kamar laya kuma, ku duba Matiyu 4. Da ita Iblis ya kafa hujja a kan tsororuwar Haikali.