Ba kowane mai kwaikwayo ne ɓarawo ba

Jama'a, abin da ya faru jiya da daddare a wani zauren marubuta da nake ciki a WhatsApp ya tsaya mini a rai. Wata yarinya, da alama sabuwar shiga ce, ta turo babin farko na labarinta. Ko minti goma ba a yi ba wani ya jefa mata kalma ɗaya ta Turanci: plagiarism, wato satar fasaha. Wasu suka mara masa baya. Kafin gari ya waye ta fice daga zauren.

Na karanta babin har sau biyu. Gaskiya babu sabon abu a cikinsa: saurayi ɗan masu kuɗi mai girman kai, yarinya 'yar talakawa, mota ta fantsama mata taɓo a hanya. Duk mun sha karanta irinsa. Amma ko jimla ɗaya ba ta ɗauko daga littafin wani ba. Ɗumame ta kawo mana, ba kayan sata ba.

Tunda da Turanci aka yanke mata hukunci, to mu duba Turancin. Kalmar da aka jefa mata tana da nauyi ƙwarai. Tushenta Latin ne, inda plagiarius ke nufin mai satar mutane, wanda zai sace ɗan wani ko bawan wani ya sayar. Wani mawaƙin Rumawa mai suna Martial, a ƙarni na 1 Miladiyya, shi ya fara liƙa ta ga wanda ke karanta waƙoƙinsa a bainar jama'a yana cewa nasa ne. A wajensa baitocinsa tamkar mutanen gidansa ne da aka yi awon gaba da su. Wannan zargi ne da ke korar ɗalibi daga jami'a, ya zubar da mutuncin malami. Ta yaya za a ɗora shi a kan yarinyar da laifinta kawai bin hanyar da kowa ya bi?

Turawan da muka aro wa kalmar ba su tsaya a kanta ita kaɗai ba. Suna da cliché, wadda suka karɓo daga maɗaba'un Faransa: farantin ƙarfe ne da aka zuba rubutu a kai, a yi ta bugawa ba canji. Suna da hackneyed, daga dokin haya da kowa ke hawa har ya gaji. Wannan ce ta fi burge ni, don duk wanda ya taɓa ganin dabbar haya ya san yadda take tafiya, kai a ƙasa, ba karsashi. Haka maganar da baki dubu suka tauna take zama. Akwai derivative, wadda asalinta janyo ruwa ne daga rafi, kamar mai noman rani da ya haƙa 'yar hanya zuwa lambunsa: ruwan na gaske ne, amma idon ruwan ba nasa ba ne. Sai pastiche, daga sunan wani abincin Italiya da ake haɗa tarkace iri-iri a ciki, mu ce dafa-duka. Ita wannan sau da yawa ma ba zagi ba ce, da gangan marubuci ke ɗaukar salon wani. Ersatz kuwa Jamusanci ce, ta yaɗu a lokutan yaƙin duniya, sa'ad da kofi ya yi wuya ake soya 'ya'yan itatuwa a sha a madadinsa.

Kun ga kowace da mizaninta. Ɗaya ce kawai a cikinsu ke cewa ɓarawo.

Kuma kada wani ya ɗauka sai Bature ya san wannan bambanci. Mu da muka tashi muna jin Ishiriniya a watan Maulidi, me muke rerawa? Baitocin Alfazazi ne, Ibn Mahib ya zo ya yi musu tahamisi, ya ɗora ɗango uku a kan kowane biyu na mai asali. Shekaru aru-aru ana karantawa, ba wanda ya kira shi ɓarawo, domin bai ɓoye sunan mai kaya ba. Malamanmu na balaga sun ware iƙtibasi, wato aro aya ko hadisi a saka cikin zance, daban, sun ware sata daban. Ko a bakinmu na yau da kullum koyi daban ne, kwaikwayo daban, jabu daban, satar fasaha daban. Ɗan koyo a shagon tela da ɗinkin maigidansa yake farawa, ba a kuma kai shi gaban alƙali.

Ba ina kare masu sata ba ne. Na san marubuciyar da ta wayi gari ta ga littafinta yana yawo a intanet, an sauya sunayen taurari, an sa sunan wata a bango. Ta yi kuka, ni ma raina ya ɓaci. Wannan a kira shi da sunansa, da babbar murya. Amma idan muka ɓarnatar da kalmar a kan kowane labari mai taɓo da mota, ranar da ɓarawon gaske ya bayyana da me za mu kira shi?

Da ni aka bari da yarinyar nan, abin da zan ce mata shi ne: ƙanwata, hannunki na da kyau, amma wannan saurayin mun san shi. Wa kika sani a unguwarku da ba a taɓa rubuta labarinsa ba? Na roƙi shugabar zauren ta isar mata da wannan saƙo, ta kuma ce mata ina jiran babi na biyu.