Matasa, Ku Daina Sayar da Hanyarku a Bakin Motar Ciyaman

'Yan uwana matasa, makon jiya na ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai wani kwalbati a kan hanyar da ta haɗa unguwarmu da kasuwa, tun daminar bara ruwa ya cinye gefensa, ƙarfen ciki ya fito fili. Adaidaita Sahu ta rufta da dare, wata baiwar Allah ta karye a ƙafa, direban ma ya sha ɗinki. Washegari ciyaman ya zo jaje da tawagarsa. Na ce a raina yau dai za a yi ta, ga mai alhakin gyara, ga rami a gabansa, ga jama'a. Ashe ban san mutanena ba. Kafin ya gama sako ƙafa ƙasa samari sun yanyame motar, wannan na "sai ka yi", wancan na "ranka ya daɗe a duba mu". Aka miƙo 'yan kuɗi ta taga, suka koma gindin darbejiya suna kokawar rabo, har wani ya yaga rigar wani. Babu wanda ya buɗe baki ya ce yaushe za a gyara kwalbatin.

Wannan maular ce nake so mu yi magana a kanta, don ita ke cinye hanyoyinmu tun kafin ruwan sama ya iso gare su.

Da yawanmu ba mu ma san wace hanya ce a wuyan wa ba. Manyan tituna irin na Kano zuwa Kaduna na gwamnatin tarayya ne, akwai hukumar FERMA da aka kafa don kula da su. Akwai na jiha. Amma layin unguwa, hanyar burji da ke shiga ƙauyuka, magudanar ruwa, fitilun titi, duk kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Kuma ba da yawun baki aka ce ta yi ba. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kaso 20.6 cikin ɗari a tsarin rabon asusun tarayya, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Kai ne ka sha zafin janye tallafin, kai ke sayen lita da tsada, kai kuɗin mota ya fi ƙarfinka. Rarar da aka samu daga wahalarka ta zo garinku, sai ka je ka karɓi dubu biyu daga ciki, har da durƙusawa kana godiya!

Na san abin da za ku ce: ai gwamnoni ke riƙe kuɗin a asusun haɗin gwiwa, ciyaman ɗan amshin shata ne. Da gaskiyarku a nan. Shi ya sa ma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu, duk da cewa aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya. Haka kuma albashin malaman firamare da na ma'aikatan ƙaramar hukuma yana lashe kaso mai tsoka. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan abin da ya rage a hannun ciyaman, wanda zai isa a kawo tifa goma ta marmara a bi da gireda, ina yake tafiya? Je ka ƙofar sakatariya ranar da aka ce kuɗi sun shigo. Majiya ƙarfi ne zaune tun hantsi, mai cewa matarsa ta haihu, mai neman kuɗin zance, mai ƙungiyar da ba ta da mambobi sai shi da abokinsa. Haka za a yi ta yayyafa musu har asusu ya bushe. Shi ciyaman ya fi ku lissafi. Ya san sallamar masu maula ɗari ta fi masa arha a kan kwalbati ɗaya, kuma su za su yi masa ihu a Facebook, kwalbati kuwa ba ya magana.

Baki in ya ci, ido sai ya ji kunya. Wanda ya karɓi na cefane jiya, da wane ido zai kalli kansila yau ya ce masa ina kuɗin hanya? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa za ka ga yaro mai ilimi, ya yi digiri, an saka hoton ramin layinsu a intanet, shi ne na farko da zai fito yana zagin wanda ya saka, wai ɗan adawa ne, wai hassada ce. Ramin nan a ƙofar gidanku yake, malam! Mahaifiyarka ce ke tattare zani tana tsallake shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wahalar ba a kanka kaɗai take sauka ba, har da mai naƙudar da za a ɗauko a kan babur daga ƙauye saboda mota ba ta iya shiga, da manomin da tumatirinsa zai ruɓe kafin ya kai bakin kwalta.

Su kuwa ƙannenmu da ke tsayawa da shebur a tsakiyar titi, su watsa ƙasa cikin rami su miƙa hannu ga direbobi, ai karatun da muka biya musu ne suke maimaitawa. Ramin ya zama gonarsu, ranar da aka zuba masa kwalta ranar suka rasa sana'a. Manzon Allah (SAW) ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, mu kuma mun mayar da shi abin karɓar sadaka. Ban ma so in shiga zancen masu tare hanya ranar ɗaurin aure suna wasa da mota da babur, sai an take ɗan wani a ce tsautsayi. Ko ɗan acaɓan da ya ɗauki mutum huɗu babu mai hular kwano. Ko masu kwashe shara su juye a kwata da daddare, ruwa ya rasa hanya ya hau titi ya ɓantare kwaltar, gobe su ne kan gaba wajen tsine wa gwamnati. Ko kuma waɗanda in an yi haɗari wayarsu suke fara zarowa su ɗauki hoto, alhali lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra, 122, ba ta fi ƙarfin yatsa ba. Kowannensu sai an ware masa rana guda.

Amma dai maular ta fi ci mini rai, domin ita ce ke rufe bakin da zai yi magana a kan sauran. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon wata-wata. Wayar da kake kwana kana kallon barkwanci a kanta, da ita za ka iya dubawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu mun san yoyon, mun kuma san mai kwanon rufin, amma in mun je gabansa kuɗin shayi muke tambaya. Ku dai yi wa kanku faɗa, ku riƙa haɗa kai kuna zuwa da murya ɗaya, ko Allah zai sa a ji.

Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin En'e, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976. Ba na cewa zamanin babu zalunci, an sha wuyar haraji da jangali har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar jihar Kano. Sai dai a lokacin in damina ta wuce mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito aikin gayya da fartanya da kwando, a gyara hanyar kasuwa, mata su dama kunu a kai musu. Duba-gari yana zagayawa, wanda ya toshe kwata ya san sauran. Saurayi mai lafiya kuwa ya tsaya a ƙofar wani babba yana roƙo, abin kunya ne da zai bi shi har wurin neman aure, iyayen yarinya su ce ba su ba maroƙi. Yanzu wanda ya fi iya bin motar ciyaman da gudu shi ake kira mai hanya a unguwa, shi ake gaisarwa, har iyaye na tura 'ya'yansu wurinsa ya kai su sakatariya.