Yadda Ake Kayar Da Giwa A Zaɓen Fid Da Gwani

Sabon-shiga: Yallaɓai, manyan jam'iyyar nan sun ishe ni. Kujerar majalisa nake so, amma ba mai ɗaga hannuna.

Tsohon-hannu: Wa ya ce maka a Amurka sai an ɗaga hannu? Zaɓen fid da gwani mutane kaɗan ke fitowa, kuma masu fushi ke riga kowa layi. A 2014 a jihar Bajiniya ƙuri'a wajen 65,000 aka kaɗa, Dave Brat, malamin kwaleji, ya yi waje da Eric Cantor, shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai. Cantor ya zuba fiye da dala miliyan 5, Brat wajen dubu 200.

Sabon-shiga: Dubu 200 kacal?

Tsohon-hannu: Kuɗin naman da tawagar Cantor ta ci ya kusa kamo su. To matakin farko, ɗan samari: binciko inda abokin karawarka yake kwana.

Sabon-shiga: Sata za mu je?

Tsohon-hannu: Kai dai saurara. Richard Lugar ya yi shekara 36 yana sanatan Indiyana, da hannunsa a shirin kwance makaman nukiliyar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Aka tono cewa tun 1977 ya sayar da gidansa na jihar. A 2012 Richard Mourdock ya tika shi da ƙasa a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Rifablikan. Haka Eliot Engel, shugaban kwamitin harkokin waje na majalisar wakilai, hedimasta Jamaal Bowman ya kwashe masa ƙafa a 2020.

Sabon-shiga: Wato duk wanda ya san taswira, shi ake fara kora.

Tsohon-hannu: Ka fara gane karatu. Sai dai fushi ba ya kai kowa Nuwamba, watan babban zaɓe. Shi Mourdock ɗin, da aka zo babban zaɓe, 'yan Dimokurat suka ɗauke kujerar.

Sabon-shiga: To in 'yan jarida suka tambaye ni yarjejeniyar nukiliyar Iran fa?

Tsohon-hannu: Ka tambaye su wace shekara. An ƙulla a 2015, Amurka ta fice a 2018.

Sabon-shiga: Ni ina goyon baya ne ko ina adawa?

Tsohon-hannu: Me abokin karawarka ya ce?

Sabon-shiga: Bai ce komai ba tukuna.

Tsohon-hannu: To ka ce shirunsa cin amana ne.

Sabon-shiga: Madalla! Gobe zan ragargaje shi kan wannan yarjejeniya ta Iraƙi.

Tsohon-hannu: Iran.

Sabon-shiga: Ba ita ce babban birninta ba?

Tsohon-hannu: Miƙo fom ɗin in cike maka. Kai kam za ka ci.