Tsami ne ke riƙe da tukunyar Filifins, ba gasasshen alade ba

A shekarar 2021 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta ƙasar Filifins ta kafa kwamitin da zai tsara hanya guda ta dafa adobo, naman da ake dafawa da ruwan khal da tafarnuwa, da wasu girke-girken ƙasar. Jama'a suka yi mata ca, har sai da ta fito ta ce ba dokar da za a ɗora wa kowa ba ce, don tallata abincin a waje ne kawai. Masu surutun suna da gaskiya. A ƙasa mai tsibirai sama da 7,000, kowane gida da adobonsa, kuma kowa na ganin na mahaifiyarsa ne na ainihi. Sai dai hoton da ake tallata ƙasar da shi ya fi wancan kwamiti ɓata lissafi: alade guda a soke a gora ana juya shi bisa garwashi, wato lechon na tsibirin Cebu. Wannan abincin biki ne. Abin da ɗan Filifins ke kewa idan ya yi nisa da gida, a Jidda ko Dubai ko Doha, miya ce mai tsami da farar shinkafa.

Dalilin tsamin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa ce mai zafi da damshi, kuma tun kafin Sifaniyawa su kafa mulki a 1565 mutanenta ke dafa nama da kifi da ruwan khal da gishiri don kada su lalace. Sunan adobo ne kawai na Sifaniyawa. Khal ɗin ma iri-iri ne: na rake daga yankin Ilocos, na ruwan bishiyar kwakwa, da na wani dabinon fadama da garin Paombong ya yi suna da shi. Kowanne da kaifinsa, shi ya sa awo ɗaya ba ya fitar da ɗanɗano ɗaya a tukunya biyu.

Ga awon adobon kaza da ba ya ba da kunya. Cinyar kaza kilo ɗaya, khal rabin kofi, baƙin ruwan waken soya da suke kira toyo kashi ɗaya bisa huɗu na kofi, tafarnuwa dunƙule guda a daddake, ganyen bay uku, masoro ƙaramin cokali ɗaya ba a niƙa ba, sai ruwa kofi ɗaya. A haɗa a tukunya, a bar shi ya tafasa a buɗe na 'yan mintuna ba tare da an juya ba, domin kaifin ɗanyen khal ya fita. Daga nan a rage wuta, a rufe, minti 30 zuwa 40. A tsame naman a soya shi sama-sama, a bar romon ya ƙone har ya yi kauri, a mayar da naman. Wuri biyu ake yin kuskure. Mai rufe tukunya tun farko zai sami romo mai yaƙar maƙogwaro. Mai cika toyo kuwa, da romon ya tsotse sai gishiri ya haɗiye komai, tsamin ya ɓace. Kuma adobon da ya kwana ya fi na yau daɗi, abin da mai dafa shi ya sani sarai amma mai gidan abinci ba kasafai yake faɗa ba.

Miyar tsami mai suna sinigang ita ce ta fi kusa da bakin Bahaushe, don tsamiya ce ginshiƙinta. Bambancin shi ne ɗanyar tsamiya koriya suke amfani da ita: a dafa ta har ta fashe, a murje, a tace ruwan a zuba cikin romo. Busasshiyar tsamiyar da muke kunu da ita ta nuna, tana da zaƙi-zaƙi, don haka wanda zai gwada da ita sai ya ƙara lemun tsami a ƙarshe. Wasu yankunan da gwaba suke tsamawa, wasu da ɗanyen mangwaro, mutanen biranen Iloilo da Bacolod kuma da wani ɗan itace mai suna batwan. Sirrin miyar jerin zuba kaya ne. Nama da tumatir da albasa su fara, gwaza ta biyo baya don ta narke ta ba romon jiki, sannan dogon wake da yalo da kuɓewa, ganye kuma sai an kusa saukewa. Idan da kifi ko jatan lande za a yi, mintuna goma na ƙarshe sun ishe su. Da sun wuce haka kifin ya watse, jatan landen ya zama roba. Gidajen abinci da yawa yanzu garin tsamiya na leda suke zubawa. Ba laifi ba ne, miliyoyin ma'aikata a ƙasashen Larabawa da shi suke kashe kewa, amma harshe na ganewa: tsaminsa tsaye yake wuri ɗaya, gishirinsa ya yi yawa, ba shi da ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace.

Akwai abin da baƙo ke yawan kuskurewa, kuma shi ne ya sa wasu ke dawowa suna cewa abincin lami ne. A can mai girki ba ya ƙarasa ɗanɗano, mai ci ne ke ƙarasawa. Za a ajiye maka ƙaramin faranti da kwalaben khal da toyo da ruwan kifi mai gishiri da ake kira patis, da barkono, da wani ɗan mitsitsin lemun tsami mai suna kalamansi. Haɗin da ka yi da hannunka shi ne sawsawan. Kare-kare ce babban misali. Jelar sa ce ake dafawa wajen awa uku, a kaɗa da niƙaƙƙiyar soyayyar gyaɗa da garin gasasshiyar shinkafa, kamanninta kamar miyar gyaɗarmu. Da gangan ake barin ta ba gishiri, domin da bagoong ake cin ta, wani kwaɓin ƙananan jatan lande da aka tsima, mai wari irin na daddawa. Wanda ya ture bagoong gefe saboda warinsa ya ci rabin abincin ne.

To ina ake samun waɗannan da kyau? A ganina ba a manyan kantunan Makati, cibiyar kasuwanci ta yankin Manila, ba. A karinderiya ne, rumfunan abinci na unguwa da ake kuma kira turo-turo, wato nuna-nuna, don tukwane ne a jere ka nuna wadda kake so. Da safe ake girkin, saboda haka a je tsakanin ƙarfe 11 da 12 da rabi, lokacin da direbobi da ma'aikata ke layi. Bayan azahar a guji duk abin da aka dafa da madarar kwakwa, shi ke fara juyawa cikin zafi. Na khal ya fi jure zama. Mai son romo ya hau zuwa Tagaytay, kimanin kilomita 60 kudu da Manila, inda ake shan bulalo, farfesun ƙafar sa da ɓargo, ana kallon tafkin Taal. Mai son gashi ya nufi Bacolod don kazar inasal, wadda ake jiƙawa da khal da kalamansi da citta a riƙa shafa mata jan mai a kan wuta. Iloilo da ke tsallaken ruwa ita UNESCO ta sa cikin biranen da suka yi fice a girki a 2023. Jollibee kuwa, kamfanin gidajen abincin gaggawa wanda Tony Tan Caktiong ya fara a matsayin shagon askirim a 1975, yana da matsayinsa a zuciyar 'yan ƙasar, amma soyayyar kaza da taliya mai zaƙi ba su ne za su sa mutum ya sayi tikitin jirgi ba.

Ga Musulmi, matsalar ba lechon ba ce, wannan ido na ganin sa. Matsalar alade ne da ke ɓuya. Ana barbaɗa dakakkiyar soyayyar fatarsa a kan taliyar palabok da faten wake na munggo. Ana jefa 'yan gutsattsarinsa cikin kayan lambu na pinakbet. Bagoong ɗin da aka yaba a sama sau da yawa da kitsensa ake soyawa, kuma romon taliyar batchoy ta Iloilo da shi ake yin sa. Kalmomi huɗu sun isa a fara da su: baboy alade, baka naman sa, manok kaza, isda kifi. "May baboy po ba ito?" na nufin ko akwai alade a ciki. Amma a sani, mai sayarwa na iya cewa babu da zuciya ɗaya, yana nufin babu tsoka, bai lissafa romo ko man da aka yi suya da shi ba. Sai an sake tambaya a kan waɗannan biyun.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi girkin Musulmin ƙasar, waɗanda suka kai kusan kashi 6 cikin ɗari na jama'a, akasarinsu a Mindanao da tsibiran Sulu da ke kudancin ƙasar. Wannan ne ɓangaren da masu tallan yawon buɗe ido suka fi yi wa rowar magana, alhali ya fi kowanne yaji da kayan ƙamshi. Ƙabilar Maranao na da palapa, dakan wata albasa mai suna sakurab da citta da barkono, da ita ake fara kusan kowane girki, har da piaparan, kaza da kankararriyar kwakwa da kurkur. Ƙabilar Tausug na da tiyula itum, farfesun sa ko akuya da ke fitowa baƙi ƙirin saboda kwakwar da aka ƙona aka niƙa a ciki, abincin ɗaurin aure ne. Ƙabilar Maguindanao na da pastil, shinkafa da naman kaza da aka yayyaga a naɗe cikin ganyen ayaba, abincin ɗalibi da lebura. A birnin Zamboanga da satti ake karya kumallo, 'yan ƙananan tsire cikin jar miya mai zaƙi da yaji.

Ƙasashe da dama na gargaɗin 'yan ƙasarsu kan zuwa Sulu da wasu sassan yammacin Mindanao, don haka ba kowa ne zai kai can ba. Ba sai an kai ba. A tsakiyar Manila, a unguwar Quiapo, akwai masallacin da ake kira Masallacin Zinariya, wanda aka gina a 1976 saboda ziyarar Mu'ammar Gaddafi da ba ta yiwu ba. Lungunan da ke kewaye da shi cike suke da rumfunan abinci na halal, galibi na Maranao, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci tukwanen piaparan ba sa daɗewa kafin a kai ƙasansu.