Ranar da testa ta ba ni kunya

Waɗanda suka san ni sun san cewa bayan makarantar koyon sana'a da jarrabawar NABTEB na shafe shekaru ina wayarin gidaje da shaguna, kafin na zauna JAMB na shiga jami'a karatun fiziks tare da yaran da wasunsu suna goye lokacin da wuta ta fara ja na. Lissafi ya gasa mini aya a hannu, amma na daure ina jiran ranar da za a shiga gwajin lantarki, domin a nan nake sa ran ramawa.

Gwajin dokar Ohm ne, wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827: a haɗa batir da resista (abin da ke rage kwararar wuta) da mitoci biyu, a tabbatar cewa V, ƙarfin da ke tura wuta, daidai yake da I, yawan wutar da ke kwarara, sau R, turjiyar resistar. Kafin sauran rukunoni su gama karanta takarda na haɗa namu, kowace waya a lanƙwashe tsaf. Allurar mita ba ta motsa ba. Sai na zaro testa daga aljihun gaba, na ɗora bakinta a kan waya, na danna yatsa a ƙarfen gindinta, na kare haske da tafin hannu ina leƙawa. Ba ta kama ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Malam, babu wuta a layin nan."

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya tako a hankali, ya karɓi testar, ya jujjuya ta. "Injiniya, wutar gida nawa ce?" Na ce bolt 230. "Ɗan ƙwan da ke cikin testar nan fa, nawa yake so kafin ya kama?" Na ce sama da 60, kuma tun a nan muryata ta fara raguwa. "To, karanta mana abin da aka rubuta a jikin batirin." Ɗakin ya yi tsit, na karanta: 1.5. Ya ce idan ina so zai aika a kawo batir arba'in a jera mini. A gaskiya ko an jera arba'in ɗin ba za ta kama ba, tunda ba a haɗa batirin da ƙasa ba, amma wannan hujjar sai da na hau a daidaita sahu ta zo mini. Ina tsaye haka wata yarinya ta miƙa hannu ta cusa ɗan makunnin tagulla da ke ajiye a gefe, allura ta tashi, ta ce, "Baba, ba ka sa wannan ba."

Yarinyar ban riƙe ta a zuciya ba. Wanda na riƙe shi ne yaron nan na layinmu da ya dinga dukan tebur yana dariya, kuma shi ya laƙaba mini Baba Babu-Wuta. Gidan mahaifinsa ni na yi wa wayarin tun daga mita har bayan gida. Alhajin ya nace sai na ja masa siririyar waya mai milimita 1.5, wadda ta fitilu ce, zuwa na'urar sanyaya ɗaki, na ƙi, na sa mai 4 da kuɗin aljihuna don kada gidan ya kama da su a ciki. Har yau cikon kuɗina yana wurinsa, kullum muka haɗu a masallaci sai ya ce, "Malam, ina sane." Ke nan yaron da ke yi mini dariya a ƙarƙashin fankar da na ɗaura ya yi karatun JAMB ɗinsa.

Rahoton gwajin ma an rage mini maki saboda ban rubuta ma'auni a jikin jadawalin zane ba. Shekaranjiya kuma yaron ya tare ni a bakin laburare yana sosa ƙeya, wai soket ɗin ɗakinsu yana ƙauri, ko zan duba musu. Na ce masa ya fara gaishe mini da Alhaji, sauran magana sai bayan jarrabawa.